Gurbin Sa Hannu

Ranar Asabar nake zuwa.
In sauka daga a-daidaita a Tudun Wada,
in bi ta bayan masu gyaran rediyo
zuwa gidan da aka rene ni,
mai koren ƙyauren da ba ya rufuwa sai an ɗaga shi.

Bencin yana nan a gindin darbejiya.
Sunana ma yana nan, da ƙusa na karce shi,
shi kaɗai, ba na uba a bayansa.

Nafi'u ne ya fara yau.
An koro shi ranar Laraba kan kuɗin tsintsiya da alli.
Ya laɓe a ƙarƙashin gadar Kubanni har aka tashi,
ya biyo ayarin 'yan makaranta zuwa gida
don kada Inna Balaraba ta gane.
Ya ce, "Malam, ai alfarma ake mana.
Ɗan riƙo ba ya ɗaga murya."

Na san maganar nan.
Shekaru ta yi a maƙogwarona kamar ƙayar kifi.

Na ce, Nafi'u, ƙirga da yatsunka.
Shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare.
Tara ke nan, kuma doka ta ce naka ne.
Ba sadaka ba ce, ba ƙanzon tukunyar wani ba.
Kujerar da kake zama ba aro aka ba ka ba.
In an ce fita, ka tambaya: a kan wace takarda?
Ka yi sallama, ka rusuna,
amma ka tambaya.

Tasalla ba ta cika magana ba.
Fom ta miƙo, ya sha ninki har ya yi laushin tsumma,
wata uku yana kwana a littafin lissafi.
Yatsanta na kan layin ƙarshe:
sa hannun mahaifi.
Na ce karanta gaba.
Ta ce, "Ko mai riƙo."
Na ce ban ji ba.
"Ko mai riƙo."
Inna Balaraba na tsintar shinkafa a bakin madafi,
ta goge hannu da gefen zani,
ta ce, "To, ina biron?"

Iliya kuwa za a mai da shi wajen gwaggonsa a Wusasa.
Tsoronsa ɗaya: kada a ce ya koma aji ɗaya,
da gemun da ya fara tsiro.
Na ba shi jakar leda mai zif.
Sakamakonka a nan, takardar haihuwa a nan,
ta canjin makaranta kada ka tafi ba ita.
Gida yana canzawa, Iliya,
abin da ka karanta ba ya zama a tsohon ɗaki.
In an hana ka, ofishin walwala yana da ƙofa,
ga lambata a bayan ledar.

Ni ba wanda ya ba ni leda.
Shekara biyu na yi ina wanke kwanuka a Sabon Gari
saboda layi ɗaya da ban karanta ƙarshensa ba.
Ban gaya musu wannan ba.
Wataƙila wata Asabar.

Litinin zan raka Nafi'u wurin hedimasta.
Zan tsaya a baranda, hulata a hannu,
shi zai shiga.

An kira la'asar daga wajen Kongo.
Yara sun watse neman buta,
sai shi kaɗai a kan benci
yana motsa baki kamar mai tilawa:
a kan wace takarda, ranka ya daɗe,
a kan wace takarda.

Na ɗaga ƙyauren, na ja shi a hankali.